Tsakuwa goma, tsinke biyu, da lamba mai bashi

Akwai wata tambaya da ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello da nake yi wa darasin yamma a Samaru suke ruga wa da Python, yaren rubuta wa kwamfuta umarni, alhali ko allo ba ta buƙata. Ga ta: lambobi uku cikakku, kowace ta fi sifili, jimillarsu 10. Jeri nawa za a samu?

Ni tsakuwa nake sa a ɗebo daga bakin hanya. A jera goma a kan benci, a karyo tsinken tsintsiya biyu. Tsakanin tsakuwa goma akwai giɓi tara, kuma duk inda ka ajiye tsinkayen nan biyu a giɓi dabam-dabam, ka raba su kashi uku ke nan, ba wanda ya tashi a tutar babu. Zaɓen biyu cikin tara: 9 sau 8 raba biyu, 36. Shi ke nan. Idan an yarda wata lamba ta zama sifili, sai ka ara wa kowace lamba tsakuwa ɗaya, su zama 13, giɓi 12, amsa 66. Ka karɓe aronka daga baya, ƙirgar ba ta canza ba.

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ai kwamfuta za ta gwada duka cikin ƙiftawar ido." Na ce mata, da lambobi uku, ƙwarai kuwa. Amma a ce lambobi 20 ne masu jimillar 100, zaɓen 19 ne cikin 99, amsar kuwa alƙaluma 21 gare ta. Ko janareta ya kwana yana ruri ba za ta gama ƙirga su ɗai-ɗai ba.

Inda na fi jin daɗin abin shi ne sa'ad da aka ce wata lamba dole ta kasance ƙasa da sifili. Wannan bashi ne, kuma matuƙar ba a sa masa iyaka ba, ƙirga ba ta da ƙarshe: ƙara bashin da ɗaya, ƙara wa wata lambar ɗaya, jimilla tana nan daram. Don haka kafin ka taɓa madannai, tambayi kanka ko amsar ma tana ƙirguwa. Masu tsara tambayoyin gasa sun san da haka, shi ya sa suke ƙayyade girman kowace lamba.

A gwada: biyun farko sun fi sifili, ta uku tana tsakanin -3 da -1, jimilla 5. Mayar da bashin ɗaya ɓangaren. Idan -1 ce, biyun farko su haɗa 6, hanya biyar. Idan -2 ce, su haɗa 7, hanya shida. Idan -3 ce, 8, hanya bakwai. Duka 18.

Sai jerin ya yi tsawo, kowace lamba da tata iyaka sama da ƙasa, nake barin su buɗe kwamfuta. A nan ma tebur za su cika, layi bayan layi, suna riƙe hanyoyi nawa ne suka kai ga kowace jimilla zuwa wannan matakin.