Turbo ɗaya babba a Jos: ƙarfi akwai, amma sai ka jira shi

Motata BMW 335i ce ta 2008, tokumbo, injin N54 mai silinda shida da ƙananan turbo biyu, kowanne silinda uku ke hura shi. Turbo dai na'ura ce da hayaƙin injin ke juyawa, ita kuma ta cusa wa injin ƙarin iska don ƙarfinsa ya ƙaru. Da tsufa ya kama su suka fara shan baƙin mai, sai wani bakanike a Apo, Abuja, ya ce mini: "Alhaji, kuɗin da za ka zuba a biyu, ka sa ɗaya babba ka huta." Maganarsa da hujja. Turbo na baya a wannan injin, kafin hannu ya kai gare shi sai an sauke rabin ƙasan mota. Da ɗaya kuwa bututu ya ragu, komai a fili.

Aka ɗaura, aka saita kwamfutar motar, muka gwada a titin filin jirgin Abuja. Wallahi ta manna ni da kujera.

A Hawan Kibo, kan hanyar Akwanga zuwa Jos, abin ya bayyana. Na fito zan wuce tirela, na take totur har ƙasa, motar ta yi kamar ba da ita nake ba. Ga wata mota tana saukowa tana ba ni wuta, ni kuma ina kallon allurar juyin injin tana jan ciki. Sai da ta haura dubu uku da ɗari biyar ƙarfin ya zo gaba ɗaya, lokacin na riga na koma bayan tirelar, tafin hannuna sharkaf da zufa.

Babban turbo sai hayaƙi ya yi yawa yake juyawa, wannan kowa ya sani. Abin da ba wanda ya ambata a garejin shi ne ni a Jos nake zaune, kusan mita 1,200 sama da teku. Iskar nan ba ta kai ta Abuja kauri ba, don haka kafin turbo ya kama, injin yana shaƙar kaɗan, hayaƙin da zai tura shi ma kaɗan ne. Jinkirin da ka ɗan ji a Abuja, a nan ƙaruwa yake. Ƙananan nan biyu da na raina, tun ƙasa da dubu biyu suke amsawa.

A gosulon Terminus kuma ba a magana, ga zafi a ƙarƙashin bonet har sai da aka naɗe wayoyi da abin kare zafi.

Ba na cewa ɗaya ba shi da kyau. Su BMW ɗin ma sun koma ɗaya a injin N55, amma madaidaici ne, mai hanyar hayaƙi biyu a ciki, shi ya sa yake kamawa da wuri. Idan tsere kake a miƙaƙƙen titi, sa babba. Idan motar kai yara makaranta ce da hawa da sauka tsakanin Jos da Akwanga, rage girman turbo, kuma kada ka biya cikon kuɗi sai an gwada ta a hawa, a tudun da za ta zauna.

Nawa dai yana kasuwa, ga mai so.