Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Dusar Ƙanƙarar Tubkal da Duwatsun Adar

A makon jiya na tsaya a inda na kammala jarrabawar shekarata ta biyu a Jami'ar Kadi Ayyad da ke birnin Marakesh na ƙasar Maroko, kuɗin tallafin karatu sun kusa ƙarewa, tikitin jirgin komawa Yamai kuma bai faɗo ba sai can tsakiyar damana. Tsakanin rufe makaranta da ranar tafiyata akwai makwannin da ba ni da abin yi a cikinsu, kuma a cikinsu ne na yi tafiyar da ta karkatar da karatuna zuwa aikin da nake yi a Tawa har yau.

Watan Yuni ne, kuma duk ɗan Adar da ke baƙunta ya san cewa a wannan wata jikinsa ne kawai ke nesa, amma hankalinsa yana gida, yana duban gabas ko hadari zai taso. Na kira ƙauyenmu da ke gabashin Keita, a yankin Adar na jihar Tawa a Nijar, ta wayar mai shago, aka aika yaro ya kirawo mahaifina. Bayan mun gaisa na tambaye shi labarin ruwa, sai ya ce: "Har yanzu ruwan shuka bai sauka ba. Mun yi binne a gonar jigawa, ƙanenka ne ke riƙe da sungumi. Kai dai ka riƙe karatunka." Ni ne ɗan fari, sungumin nan kuwa ni ya kamata ya kasance a hannuna, don haka na ajiye wayar zuciyata babu daɗi.

A cikin wannan hali ne wani abokin karatuna, ɗan ƙauyen Arumd da ke cikin duwatsun Atlas, ya gayyace ni gidansu tare da wani ɗan'uwanmu ɗalibi mutumin Birnin Ƙonni. Ya ce mahaifinsa yana da alfadarin da ke kai kayan masu hawan Tubkal, kuma idan muna so sai mu hau tare da shi. Tubkal shi ne dutse mafi tsawo a arewacin Afirka, tsayinsa mita 4,167, wato ya ninka ƙololuwar Bagzan ta cikin Ayar, wadda ita ce mafi tsawo a Nijar da mita 2,022, har da ɗori. Daga Marakesh muka shiga motar haya ta Tahanawut da Asni zuwa Imlil, tafiyar da ba ta wuce kilomita 70 ba, amma a cikinta muka baro zafin da ke ƙona fuska muka shiga sanyin da ya sa muka nemi rigunanmu masu kauri. Dalilin sananne ne ga wanda ya karanta ilimin yanayi, domin zafin iska yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi a duk mita dubu da mutum ya hau, Imlil kuwa tana sama da mita 1,700. Daga nan muka goya jakunkunanmu muka taka da ƙafa zuwa Arumd.

Gidajen ƙauyen na dutse da laka ne, an jera su a jikin gangare, rufin wani shi ne farfajiyar na samansa. Dabbobi suna ɗakin ƙasa, mutane suna sama. Harshensu ɗan'uwan Tamashek ne da muke ji a bakin Buzayen Abalak da na kasuwar Tawa, kuma da aka tayar da sallar magariba na ji limamin yana karatu da ruwayar Warsh, irin wadda aka rubuta mini a allo ina yaro, sai baƙuncin ya ragu ƙwarai. Mahaifiyar abokina takan tashi tun kafin asuba ta hura wuta ta gasa burodi, a ci da man zaitun da shayi mai na'a-na'a, sannan ita da ƴaƴanta mata su gangara gona su yanko ciyawa, su goyo ta dami-dami har ba a ganin kawunansu, domin saniyar gidan ba ta fita kiwo, kawo mata ake yi. Babban wan abokina ba ya nan, yana aikin shago a Kasablanka yana aiko da kuɗi, kuma yadda uwar take ambatonsa a kan abinci bai bambanta da yadda matan garinmu ke ambaton ƴan bida da ke Abijan ko Legas ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gonakinsu. Babu shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a wurin, saboda haka kakanninsu suka gina katangun dutse a jikin tsauni hawa-hawa, suka cika bayan kowace katanga da ƙasa, har wata gonar faɗinta bai fi taku huɗu ba. A kansu ake noma sha'ir da masara da dankalin Turawa, ga itatuwan tuffa da wasu manyan itatuwa masu ƴaƴan ɓawo mai tauri da ake fasawa a ci ƙwayar. Ruwan sama ba ya wadatar da su a bazara, don haka duk wannan kore yana rataye ne a kan magudanan da aka jawo daga rafi, waɗanda ke bin gefen dutse suna ratsa gonaki, kuma dattawan gari sun raba ruwan tsakanin gidaje, kowa da lokacinsa, ko da rana ya faɗo ko da tsakar dare.

Rabon gidan da muka sauka ya faɗo da dare, sai na roƙi dattijon, mahaifin abokina, ya bar ni in bi shi. Ya riƙe tocila, ni na riƙe fartanya. Da muka isa mararrabar magudanar ya durƙusa ya zare wani faffaɗan dutse da ke toshe bakin gonarsa, ya mayar da shi bakin ta maƙwabcinsa, ya liƙe gefunan da ciyawa da laka da tafin hannu, ruwan kuma ya juya ya shiga kunyoyin da ya shirya tun da rana. Na sa hannu a ciki, sanyinsa ya ratsa ni har kafaɗa. Muna tsaye muna jiran gonar ta sha, sai ya ɗaga tocilar ya nuna saman tsauni inda wani fari-fari ke haskawa a cikin kwazazzabai, ya yi magana da harshensa, ɗansa ya fassara mini: idan wancan farin ya kai watan Yuli bai ƙare ba, masarar da za su shuka bayan girbin sha'ir ta tsira, idan kuwa ya narke da wuri, to za a yi ta rigimar ruwa a gari kafin kaka. Ya ce tun watan Janairu yake iya sanin irin shekarar da za a yi, daga yawan abin da ya zuba a sama.

Da muka kama hanyar hawa, mun fara ratsa wani faffaɗan kwari cike da manyan duwatsun da ruwa ya gangaro da su, inda dattijon ya ba mu labarin ambaliyar watan Agusta na 1995 da ta yi ɓarna a Imlil ta kuma hallaka mutane da yawa a kwarin Urika. Muka wuce Sidi Shamharush, wurin da aka shafe wani ƙaton dutse da farin fenti, mutane suna zuwa ziyara. Daga nan itatuwa suka ƙare, sai dutse tsantsa da awaki da ƙarar ruwa. Alfadarin ya tsaya a masaukin masu hawa da ke kan mita 3,207, domin daga nan sama ba hanyar dabba ba ce. A wannan dare kaina ya yi ciwo saboda ƙarancin iska, ruwan alwala kuma ya sa yatsuna suka ƙage har na kasa ɗaure igiyar takalmi sai da na ɗumama su a hammata.

Tun da sauran duhu muka tashi, kuma dalilin sammakon shi ne dusar da ta yi saura a kwazazzaban da rana ba ta daɗewa a cikinsu takan daskare da dare ta yi tauri, sai a iya taka ta, amma idan rana ta ɗaga sai ta yi laushi ƙafa ta riƙa nutsewa. Mun ɗaura wa takalmanmu wasu ƙarafa masu haƙora da muka yi haya a Imlil, abokina yana gaba yana nuna mana inda za mu sa ƙafa. Wannan ne karo na farko da na taka dusar ƙanƙara. Ba fara fat ba ce yadda ake gani a hoto, domin ƙura ta hau kanta ta yi ja-ja, samanta kuma ya yi ramuka-ramuka saboda narkewa da daskarewa. A wani wuri na tsaya don in huta, numfashina yana fita da kyar, sai na ji wata ƙara a ƙarƙashin ƙafafuna. Na sunkuya na kasa kunne, ashe ruwa ne ke gudu a ƙarƙashin dusar, tsakaninta da dutse, ba a ganinsa. Na kira ɗan Ƙonni na ce: "Malam, zo ka ji." Ya saurara, ya ce: "Ai ruwan tsohon nan ne, yanzu ya kamo hanya."

Bayan dusar sai tsakuwa mai zamewa, wadda ta fi komai gajiyar da mu, har muka kai ƙololuwa inda aka kafa wata dala ta ƙarfe. Na juya kudu, inda duwatsu ke ƙanƙancewa suna shiga hazo ta wajen Sahara, na yi wa mahaifana addu'a, na roƙi Allah Ya saukar musu da ruwa. Ba mu daɗe ba muka juyo saboda iska. A saukowa dusar ta riga ta saki, muna nutsewa har gwiwa, kuma a gefenta na ga yadda ɗigo ke haɗuwa ya zama siririn ruwa, siraran su haɗu su zama rafin da muka bi gefensa har ƙofar magudanar Arumd. Akwai baƙi da yawa a hanyar, kuma na ji wasu suna ƙorafin cewa dusar ta rage musu sauri. Ban ga laifinsu ba, domin babu wanda ya kai su gona da dare, amma a ganina wanda ya hau dutsen nan bai kwana a gidan manomi ba, rabin abin da ke wurin kawai ya gani. Shi ya sa da girgizar ƙasa ta ranar 8 ga Satumba, 2023 ta auka wa yankin Alhauz ta hallaka mutane fiye da 2,900, na kwana ina neman abokina a waya, kuma bayan na ji suna raye, tambayata ta biyu ita ce ko katangu da magudanan sun tsira.

Na sauka Yamai a cikin Agusta, na shiga motar Tawa ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, daga Tawa kuma na nufi Keita. Ruwa ya sauka a makare, binnen jigawa ya lalace an sake shuka, amma hatsi ya tashi, ana maimai. Da dare, bayan an ci tuwo, na fito da hotunan. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi mini magana kai tsaye ba saboda kunyar ɗan fari, don haka ta karɓi hoton gonakin daga hannun ƙanwata ta daɗe tana dubawa kusa da fitila, sannan ta ce da ita: "Tambaye shi, wa ya ɗauko musu duwatsun nan?" Na ce: "Inna, kakanninsu ne, maza da mata, kuma har yanzu duk katangar da ta rushe su ke gyara ta." Ta ce: "To, sun sha wuya." Ta san abin da take faɗi, domin tana cikin matan da suka yi aikin Furoje Keita, wanda aka fara a 1984, shekarar yunwar El Buhari, da kuɗin ƙasar Italiya da kulawar FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A ka suka riƙa ɗaukar dutse suna jera shi a kan fako da gangaren duwatsu don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa, ana biyansu da abinci, a lokacin da yawancin maza suka tafi bida. Itatuwan da na yi wasa a ƙarƙashinsu ina yaro daga wannan aiki suka fito.

Mahaifina bai kula da hoton ƙololuwa ba, sai dai ya tambaye ni ko akwai makiyaya a can saman, na ce akwai masu awaki har kusa da masauki. Da na ba shi labarin dattijon da tocilarsa da farin da ke cikin kwazazzabai, sai ya yi shiru, daga baya ya ce: "Wato su Allah Ya gina musu rumbun ruwa a bisa, suna kallonsa yana raguwa, suna auna abin da za su shuka. Mu namu yakan zo a dare ɗaya ya wuce a dare ɗaya." Na ce: "Haka ne, Baba."

Washegari bai bar ni na ɗauki hauya ba. Ya ce in biyo shi, muka gangara ƙoramar da ke yamma da gari, inda ruwan makon da ya gabata ya fasa gefen wani shingen duwatsu da aka ɗaure da ragar waya tun zamanin furojen, ya zagaye shi, ya fara cin gonar kawuna har saiwar dawa ta fito fili. Ya tsaya a bakin ramin ya nuna shi da sandarsa, ya ce: "Kai, a cikin karatun da kuke yi can, akwai na wannan?" Na ce akwai, amma ba shi nake yi ba, kuma sauya fanni zai iya jawo mini asarar shekara guda, wataƙila har da tallafin karatun. Ya ce in je in bincika tukuna, in kawo masa magana tabbatacciya kafin in koma. A ranar kasuwa na hau mota zuwa Tawa don in ga wani ma'aikacin ofishin gine-ginen karkara da kawuna ya sani, kuma da abin da ya faɗa mini a ofishinsa zan fara a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.