Ranar da na kusa hana wata mata maganinta

Wata shida na yi a wani ɗakin gwaje-gwaje a Bagadaza ina koyon duba tsokar da aka yanko daga masu kansar mama. Ita ce kansar da ta fi kama matan Iraki. Abin da ya fara tsaya mini a rai shekarun da ke kan takardun: da yawa ba su kai hamsin ba, ga shi ƙullutun ya riga ya girma kafin a zo asibiti.

Abu uku muke nema, ER da PR da HER2. Biyun farko makarɓai ne a cikin ƙwayar kansa, inda sinadaran jikin mace, istirojin da furojestaron, ke maƙalewa su sa ta haɓaka. HER2 kuma wani furotin ne da ke jikin bangon ƙwayar. Ana yanka tsokar siriri, a ɗora a gilashi, a sa rini. In makarɓin na nan, tsakiyar ƙwayar sai ta yi ruwan ƙasa. Ko kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin ne suka rinu, an ɗauka akwai shi. Wannan ɗan launin shi ke ba mace damar shan tamoxifen, ƙwaya ɗaya a rana har shekara 5 ko fiye, ko letrozole ga wadda ta daina al'ada.

Wata rana aka kawo tsoka daga wani asibiti a wajen gari. Na duba, fes, ba ɗigon launi. Na rubuta babu ER, babu PR, ina jin kaina gwani. Likitar da ke koya mini ta leƙa madubin da ke ƙara girman ƙwayoyin, ta jima, sannan ta ce, "Ɗana, lafiyayyun bututun nonon da ke gefe fa, su sun rinu?" Ba su rinu ba. Alhali ko a nono mai lafiya akan samu 'yan ƙwayoyin da ke ɗaukar rinin. Tunda su ma sun ƙi, tsokar ce ta lalace.

Da muka bi sawu, ashe ranar Alhamis aka yi aikin, aka jefa naman dunƙule guda cikin ɗan ruwan fomalin, sinadarin da ke hana nama ruɓewa, ya zauna Juma'a da Asabar, kwanakin hutunsu, cikin zafin bazarar da kan kusa digiri 50. Fomalin kuwa a hankali yake ratsa nama, kafin ya kai tsakiya ta ruɓe. Ƙa'ida ita ce a tsattsaga, a tsoma a fomalin cikin awa ɗaya da cirowa, ya jiƙa awa 6 zuwa 72.

Allah ya taimaka, akwai ɗan guntun da aka ciro da allura kafin aikin. Muka aika aka kawo, muka rina. Gilashin ya yi ruwan ƙasa kusan ko'ina. Likitar ta miƙo mini takardata ta farko, ta ce in yaga ta da hannuna. Tun daga ranar, gefen gilashi nake fara dubawa, sannan in tambayi ƙarfe nawa tsokar ta shiga fomalin.