Ɗinkin Sallah da ya sa aka yi mini dariya a taron iyaye

Ina da shekara 43 na koma aji. Tela ne ni a Gwammaja, a aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, sai bara na shiga ajin manya na yamma, irin wanda aka saba da shi a Kano tun da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980.

Darasin zamantakewa da haƙƙin ɗan ƙasa shi ya tafi da ni. Kullum ta ƙofar gidan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, nake wucewa, amma sai a aji na san abin da su Malam Aminu suka faɗa a sanarwar Sawaba ta jam'iyyar NEPU a 1950. Daga nan muka shiga kundin tsarin mulki na 1999. Ranar da malaminmu ya karanta mana sashe na 18, inda aka ambaci ilimi kyauta har da na manya irina, kaina ya kumbura.

Sai azumi ya kama, shadda ta cika mini shago. Na yi fashin sati uku, ban ko ari littafin wani na kwafa ba. Wannan sakacin har gobe yana ci mini rai.

Bayan Sallah aka kira taron iyaye a makarantar 'yata kan wasu 'yan kuɗi da ake so mu biya. Na miƙe, na gyara hula, na ce sashe na 18 ya hana, kuma ni a shirye nake mu je kotu. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin kotu, ya bari sai da na zauna.

"Malam, ka karanta layin har ƙarshe kuwa? Cewa aka yi idan da hali. Kuma babi na 2 ne, sashe na 6 ya hana kotu sauraron ƙara a kansa."

Taro ya ɗauki dariya. Kwana biyu 'yata ba ta son fita tara, wai ana nuna ta.

Da na kai wa Malam kuka, shi ma sai da ya murmusa. "Ai ranar da muka yi wannan kana kan kekenka." Abin takaicin, ashe ina da hujja, ban san inda take ba: dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 ce ta ce firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Haƙƙoƙin da kotu ke tsaya wa mutum kai tsaye kuwa suna babi na 4. Duk a sati ukun nan aka yi su!

Bana tun goma ga azumi na daina karɓar ɗinki, har wani tsohon kwastoma ya yi fushi ya ɗauke yadinsa. Dattijon nan kuwa duk inda muka haɗu a masallaci, Lauya yake kirana, kuma sai ya ɗaga murya.