Abin da gyaran AC ya koya min a Katsina

AC ba ya ƙera sanyi. Zafin ɗaki yake kwasa ta gas ɗin da ke zagaya bututu, kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin, ya tura shi waje, shi ya sa in ka tsaya gaban akwatin da ke bayan gida iska mai ɗumi ke dukan fuskarka. A ƙasashen sanyi irin su Norway juya aikin na'urar ake yi, ta jawo zafi daga waje zuwa ciki, kuma da ita fiye da rabin gidajen ƙasar ke ɗumama ɗaki. Yunit 1 na wuta kan jawo zafi yunit 3 zuwa 4, ita kuwa hita mai waya abin da ta ci shi take bayarwa.

Wannan ne ya fahimtar da ni halin maigidana da ya koya min sana'ar. In an kira mu gida, sama yake fara kallo, sannan ya tambayi ta wace taga rana ke shigowa da la'asar. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin tanderu ne. Mai gida ya ce a kawo masa mai ƙarfin doki biyu, maigidana ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, a fara sa silin, a toshe ƙasan ƙofar nan, doki ɗaya ma ya ishe ka." Ribarsa yake ragewa da bakinsa, kuma har yau ina ganin girmansa kan haka.

Tun da aka kai yunit ɗin wuta naira 225 a Afrilun 2024 ga masu Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, mutane sun fi saurarar irin wannan shawara. Masu sola ma haka, don duk dokin da ka ƙara, faranti da batir ne za ka ƙara saye.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka watsar da dabarar magina na da. Shiga tsohon soro a unguwannin da ke kewaye da hasumiyar Gobarau da tsakar rana, ka ji yadda katangar tubali mai kauri da rufin azara ke tare zafi ba ko waya ɗaya.

Sai ƙurar hunturu. Takan toshe ragar AC, iska ta kasa wucewa, kwamfireso ya yi ta wahala mita na gudu. Yanzu duk gidan da na ɗaura na'ura, ba na tafiya sai na nuna wa wani yaron gidan yadda zai zare ragar ya wanke ta da ruwa, ya bari ta bushe kafin ya mayar.