Mushen mota ma kuɗi ne a hanyar Bilma

Shagona na kayan gyaran manyan motoci yana Agadas, amma rabin abin da ke kan kantata daga cikin yashi na kwaso shi. Sau biyu ko uku a shekara nakan bi ayarin motocin da ke zuwa Dirku da Bilma. Sauran fasinjoji suna naɗe fuska da rawani suna gyangyaɗi a kan buhunan gero, ni kuwa idona na gefen hanya, ina neman motar da ta mutu.

Tun daga nesa nake gane su. Mai gajeren hanci da zagayayyen goshi Marsandi ce, irin wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1959, wadda mutanen Najeriya ke ce wa roka. Berliet ta Faransa kuwa ta yi ƙaranci yanzu, ko da yake ita ce ta ratsa hamadar Tenere a 1959 da 1960. Idan na ga ɗaya sai in tsaya ko ba zan sayi komai ba, don a gindin irinta na koyi riƙe sifana.

Abin da ya sa direbobinmu ba sa rabuwa da waɗannan tsofaffi ba ƙauna ba ce kawai. Babu kwamfuta a cikinsu. In bututun mai ya toshe, a kwance a busa da baki. In lagireto ya tsage, akwai dabarar da za ta kai ka rijiya ta gaba. Sabuwar mota in ta ƙi tashi a tsakiyar Tenere cikin watan Mayu, wa zai kawo maka na'urar duba ta?

Hamada kuma tana adana ƙarfe. Na taɓa shiga ƙarƙashin wata Marsandi mai lambar samfuri 1924 da ta kife kusa da inda Itacen Tenere yake a da, itacen nan da ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar hamada, wanda wata babbar mota ta kaɓe a 1973. Iska da yashi sun kankare fentinta tas, gilashin ya dushe kamar an goge shi da dutse, tayoyin sun farfashe. Amma da na ɗora sifana a kan notin sifirin, sai ya juya ba gardama, babu tsatsa ko kaɗan. Giyabos ɗinta har yau yana aiki a cikin motar wani mai jigilar kantun gishiri. Roba da waya ne kawai ba na taɓawa, rana ta gama da su.

Sai dai ba kowace yasasshiya ce marar mai ita ba. Wata rana na fara zagaya wata mota ina ƙwanƙwasa tankinta, sai ga yaro ya fito daga ƙarƙashi, da salkar ruwa a rataye da 'yar butar shayi.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Ina maigidanka?"

Ashe ya tafi Agadas neman famfon mai, ya bar karen motar yana gadi, kwana goma sha ɗaya ke nan. Na ba shi dabino da jarkar ruwa. Da na koma gida na tarar maigidan nasa ya zo shagona har sau biyu ina hanya, famfon da yake nema kuwa yana nan cikin kwali a bayan ƙofa.