Ku bar sandar RAM mai rajista ta gama tashi

Yaron da ke koyon aikin sabar a hannuna, wato babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, ya saka sababbin sandunan RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ya danna maɓalli, fankoki suka tashi da ƙugi, sikirin ya tsaya baƙi wuluk. Can sai na ga hannunsa ya nufi filogi. "Oga, ta ƙi kawowa." Na daka masa tsawar da ta fi laifinsa girma, kuma na san dalili: hannun nan nawa ne, shekarun baya.

Lokacin ana yayin samfurin RAM da ake kira DDR3, mai aiki da volt 1.5. Aka kawo mini babbar kwamfutar aiki a ƙara mata RAM. Fanka ta tsaya, babu ƙara, na ɗauka a kashe take. Ashe barci take yi. A yanayin barcin nan kusan komai yana mutuwa ban da RAM, domin ita ce ke riƙe da aikin mai kwamfutar. Wuta na shiga cikinta, tana sabunta cajin ƙwayoyinta da kanta, tunda abin da aka ajiye a ciki yoyo yake yi in ba a bi ta kansa cikin kowane milisakan 64 ba. Na buɗe maƙallan na zare sanda ɗaya da wuta a jikinta. Daga ranar ramin nan bai sake ganin RAM ba.

Har yau ina cewa ba laifina ba ne ni kaɗai. Fitilar da ke nuna barcin ƙarama ce, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya yi mini bayani. To amma filogi yana gabana, zare shi ba ya cin komai. Ganin na iya ne ya hana ni.

Abin da na yi bayan haka ya fi muni, shi ne ma ba na son tunawa. Na mayar da sauran sandunan, na kunna, na ga duhu, na kashe, na sake kunnawa, na yi ta yi kamar mai bugun ƙofar gidan da ba kowa. Ban san cewa tashin RAM yana da jeri ba. A ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin RAM, bayan wuta ta daidaita sai a riƙe layin sake-farawa a ƙasa aƙalla mikrosakan 200, a sake shi, a jira wasu 500 kafin a ba agogo izinin aiki. A DDR4 ma layin volt 2.5 dole ya tashi tare da na 1.2 ko ya riga shi. Wannan duk ƙiftawar ido ne. Abin da ke cin lokaci yana biyo baya: BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, zai karanta ɗan cif ɗin da ke ɗauke da bayanin kowace sanda, ya saita rajistar, wato cif ɗin da ke tsakiyar sanda mai rajista yana karɓar umarni da adireshi da agogo ya rarraba wa sauran, sannan ya bi layukan yana gwada lokacin isowar kowace sigina. Sabar mai sanduna da yawa tana iya shafe mintoci a nan, musamman tashin farko bayan an canja RAM. Duk kashewar da na yi, aikin nake mayarwa farko. Da na gaji, sai na ce wa mai ita sandunan da ya sayo ne ba su da kyau. Ya yarda da ni. Wani lokaci nakan ce ai da abin da na sani na yi magana, ba ƙarya na shirya ba. Wani lokaci kuma nakan tuna cewa ban nemi sanin ba.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, amma da na zauna sai na ga ba su da yawa.

Ku zare filogi, duka filogin, domin sabar da yawa biyu gare su. Ku jira fitilun modabod, wato babban allon da ake saka sandunan a kai, su mutu kafin ku taɓa sanda. Yanzu abin ya fi na zamanina haɗari. Tun da DDR5 ya fito a 2020, cif mai sarrafa wuta ya koma kan sandar kanta: mai rajista tana karɓar volt 12, marar rajista volt 5, ita sandar ce ke sauke shi zuwa 1.1. Shi ya sa aka bambanta musu tsagar da ke ƙasa. In ta ƙi shiga, kada ku danne ta da ƙarfi. A DDR4 kuwa duka biyun suna shiga rami ɗaya lafiya lau, sai dai kwamfutar ba za ta tashi ba in an cakuɗa su, kuma na ga yara sun wuni suna zargin modabod a kan wannan.

Ku bar saitin tsimin wuta na RAM yadda ya zo. Ku yaran yanzu kuna kallon bidiyon minti biyu, ku shiga BIOS ku kashe duk abin da aka rubuta wa tsimi, wai kuna neman gudu. Zafi kuke saya, kuma RAM in ta wuce digiri 85 sai an ninka yawan sabunta cajinta, gudun ma ya ragu. Ko da yake, gaskiya, akwai aikin da jinkirin farkawar RAM daga hutu yake cutarwa, ni ma nakan kashe saitin a irin wannan. Ku dai kada ku kashe sai kun iya faɗa mini abin da kuka auna.

Sai jira. Ku jira, ku ajiye wayar nan ku saurari fanka. Amma kada ku zauna rabin yini kuna kallon baƙin sikirin ku ce ni na ce. Modabod na sabar yawanci yana nuna lambar matakin da ya kai, littafinsa kuma yana faɗin ma'anar lambar da ramin da za a fara cikawa. In lamba tana canjawa, aiki ake yi. In ta tsaya cak ta ƙi motsi, to ku kashe, ku zare filogi, ku fara da sanda ɗaya a ramin da littafin ya ce.